A Duba Kafin A Yi Magani: Nasiha Ga 'Yata Da Al'ada Ta Ɗauke Mata

 Matso kusa, maganar yau ta mata ce, ba a yin ta a tsakar gida.

Kin shigo shekarun da al'ada ke yi wa mace sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata tana ɗauke musu ne tsakanin shekara 45 zuwa 55. Idan wata 12 suka cika cur babu jini, ba ciki ba, ba shayarwa ba, to ta tafi ke nan. Wasu abubuwan da ke biyo baya ana faɗinsu a fili. Zafin da ke taso wa mace daga ƙirji zuwa fuska, gumin dare, barci mai yankewa, saurin fushi. Waɗannan ko a gidan suna za ki ji ana hirarsu. Amma akwai guda ɗaya da kowa ke kame baki a kansa. Shi ne bushewar gaba, da ƙaiƙayi da raɗaɗin da ke tafe da ita.

Ban ga laifin mai kunya ba. Da kunya aka raine mu, kuma ado ce. Sai dai barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Na ga mata masu hankali da ibada sun yi shekaru suna cije leɓe, kowace tana zaton ita kaɗai ce. Alhali binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna kusan rabin matan da al'ada ta ɗauke musu suna samun wannan damuwa. Kaɗan ne cikinsu ke kai kukansu asibiti. Ki tuna Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Madina ne saboda kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shafe su ba.

Bari in fara da dalili, don wadda ta san asalin ciwonta tsoronta yakan ragu. Tun daga balaga, gidan ƙwan mace yana fitar da wani sinadari mai suna istirojin. Aikinsa bai tsaya kan al'ada da ɗaukar ciki ba. Shi ke kula da fatar gaba, ta waje da ta ciki, har da hanyar fitsari da mafitsara. Yana sa fatar ta yi kauri da laushi. Yana sa jini ya wadata a cikinta. Yana sa ta yi ninki-ninki, yadda za ta buɗe ta koma ba tare da ta tsage ba. Yana kuma sa ta ajiye wani nau'in suga, wanda shi ne abincin wasu ƙananan halittu masu amfani da ke zaune a wurin, ana kiransu laktobasilas. Suna cin sugan, suna fitar da ɗan tsami. Wannan tsamin ke hana miyagun ƙwayoyin cuta samun wurin zama.

Idan istirojin ya ja baya, sai sauran su bi shi ɗaya bayan ɗaya. Fata ta rage kauri. Ninkin ya baje. Jini ya ragu, ni'ima ta ƙafe. Suga ya yi ƙaranci, masu cinsa su ragu, tsami ya tafi. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bayan gida su samu hanya zuwa mafitsara cikin sauƙi. Shi ya sa a 2014 wasu manyan ƙungiyoyin likitoci biyu masu mazauni a Amurka suka haɗa matsalar gaba da ta fitsari wuri guda, suka ce a riƙa duba su tare, tunda tushensu ɗaya ne.

Ga abin da nake so ki riƙe da kyau. Zafin jiki da gumin dare sukan yi shekarunsu su lafa da kansu. Bushewar gaba ba haka take ba. Idan aka ƙyale ta, zama take yi, sau da yawa ma ƙaruwa take yi. Wadda ta ce bari in yi haƙuri ya wuce, tana jiran abin da ba zai zo ba. Haƙuri maganin zaman duniya ne, gaskiya. Amma haƙuri da ciwon da Allah ya saukar da maganinsa wahalar da kai ne kawai.

Kuma ba tsufa kaɗai ke kawo ta ba. Mai shayarwa takan same ta na ɗan lokaci, ta wuce bayan yaye. Wadda aka yi wa aiki aka cire mata gidan ƙwai takan same ta da wuri, ko da tana 'yar talatin. Haka wadda ke shan wasu magungunan sankarar mama, irin su letrozole da anastrozole, don aikinsu rage istirojin ne. Shan taba ma yana ƙara ta. Wasu magungunan mura da na ƙaiƙayin jiki, masu busar da hanci da baki, sukan taɓa can ɗin ma.

To, ta ina za a fara? Daga ke za a fara, 'yata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin ki taka asibiti, ki zauna ki saurari jikinki. Yaushe abin ya fara? Bushewa ce kaɗai, ko da zafi da ƙaiƙayi? Kullum ne, ko sai an kusance ki? Idan zafi ne lokacin kwanciyar aure, a bakin wurin yake ko can ciki? Zama mai tsawo ko tafiya suna dame ki? Fitsari fa, yana raɗaɗi? Kina yawan zagayawa? Kina tashi sau da yawa da dare? Yana ɗigo miki idan kin yi tari ko atishawa ko ruku'u, har ki riƙa sake alwala? Akwai ruwa mai wari ko mai launi? Kin taɓa ganin jini, ko da ɗigo ɗaya? Da me kike wanke wurin, kuma me kika taɓa sa masa? Wane magani kike sha yau da gobe?

Ki rubuta amsoshin a takarda, ko ki riƙe su a ka. A gaban likita baki yakan yi nauyi, abin da aka shirya tun daga gida shi ke fita. Idan za ki iya, ki rufe ɗakinki da rana, ki ɗauki ƙaramin madubi ki duba. Jikinki ne, amana ce a hannunki. Ki lura ko akwai wurin da ya yi fari fat, ko tsagewa, ko gyambo, ko ƙullutu, ko wani abu da ya leƙo daga ciki.

Yanzu bari in taɓa inda muka fi yin tuntuɓe. A wurinmu, duk abin da ya samu mace daga cibiya zuwa ƙasa, sunansa sanyi. Ƙaiƙayi sanyi, bushewa sanyi, raɗaɗin fitsari sanyi. Sai a aiki yaro kemis ya sayo kafso da ƙwayar matsawa. A sha wannan, a bi da jiƙo, a ƙara da na mai tallar mota. Kowa da kyakkyawar niyya yake ba da shawara, na sani. Amma dubi abin da ke biyo baya. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya bambance na kirki da na banza. Sai ya ƙarasa ɗan abin da ya rage na masu amfanin nan. Miyagun kuma su saba da maganin, ran da ciwo na gaskiya ya zo ya ƙi ji. Kuɗi sun tafi, fata tana nan yadda take, don tun farko ba ƙwayar cuta ba ce damuwarta. Abin da ya fi ciwo shi ne zargi. A zargi ban ɗaki, a zargi abokiyar zama, a zargi maigida, wani lokaci har a ce sammu ne. Na ga gidajen da zaman lafiya ya yi rauni a kan abin da duba na ɗan lokaci kaɗan zai warware. Rashin sani ya fi dare duhu.

Sai kuma yawan wanki. Mace ta ji ƙaiƙayi, ta ɗauka ƙazanta ce. Ta ɗauko sabulu mai ƙamshi, ko Dettol, ko ruwan zafi da gishiri, ta wanke ciki da waje sau da yawa a wuni. Kin san leɓe a hunturu. Idan ya bushe kika lashe shi, za ki ji sauƙi na ɗan lokaci, can sai ya ƙara bushewa har ya tsage. Haka wannan fatar take yi da sabulu. Tsarki da ruwa zalla ya wadatar, a waje kaɗai, sannan a dangwala tsumma mai laushi a tsane. Ciki yana tsabtace kansa.

To me likita zai yi idan kin je? Na san wannan ne ke hana da yawa fita daga gida, don haka bari in bi da ke daki-daki. Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, kada ki sa komai a ciki, kada ki wanke ciki, kuma ki nemi uzuri wajen maigida. Waɗannan duka suna canza sakamakon awo. Idan kin isa, kina da damar neman mace ta duba ki, likita ko ƙwararriyar nas. Idan namiji ne kaɗai ake da shi, ki nemi nas mace ta tsaya tare da ku. Wannan haƙƙinki ne, babu mai jin haushinki a kansa.

Da hira za a fara. Tambayoyin nan da kika shirya, su za a yi miki. Ki faɗi gaskiya duka, har abin da kika matsa da wanda kika sha. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Babu abin da za ki faɗa da ba su taɓa ji ba.

Daga nan sai dubawa. Za a fara da waje. Ana duba launin fata, ko ta koɗe, ko ta yi sheƙi, ko ta yi ja. Ana duba ko leɓɓan wurin sun janye, ko ƙofa ta ƙuntata, ko wani ɗan jan nama ya fito a bakin hanyar fitsari. Za a ce ki yi tari ko yunƙuri, don a ga ko fitsari na ɗigowa, ko mahaifa ko mafitsara ta sauko. Sannan a sa ɗan abin buɗawa na roba ko na ƙarfe don a ga ciki da bakin mahaifa. Yana da girma iri-iri. Ki ce a ɗauko ƙarami, a shafa masa mai santsi, a bi a hankali. Idan kin ji zafi ki faɗa, za a tsaya. A ciki ana duba ko ninkin nan yana nan ko ya baje, ko akwai ɗige-ɗigen ja, ko fatar na fitar da jini da an ɗan taɓa ta.

Akwai wata 'yar takarda da ake dangwalawa a jikin fatar, sai ta canza launi. Da ita ake auna tsamin wurin, ma'aunin da likitoci ke kira pH. Mace mai al'ada nata yakan tsaya tsakanin 3.5 da 4.5. Idan istirojin ya yi ƙasa, yakan haura 5. Awo ne mai sauƙi, babu allura, babu zafi. Amma shi kaɗai ba ya yanke hukunci, don wasu cututtukan ma suna ɗaga shi. Shi ya sa ake haɗa shi da abin da ido ya gani da abin da bakinki ya faɗa.

Wata likita a Amurka, Gloria Bachmann, ita da abokan aikinta sun tsara wani ma'auni a shekarun 1990, ana amfani da shi har yau. Abubuwa biyar ake dubawa. Yadda fatar ke buɗewa ta koma, yawan ruwan da ke wurin, tsaminsa, ƙarfin fatar ko saurin fashewarta, da damshinta. Kowanne ana ba shi maki daga 1 zuwa 5. Jimla mafi ƙanƙanta 5 ce, mafi girma 25. Idan maki ya gaza 15, alama ce fatar ta yi rauni. Amfaninsa shi ne, idan kin koma bayan an fara magani, za a iya gwada jiya da yau a ga ko an ci gaba.

Wani lokaci akan shafo fatar da ɗan tsinken auduga a kai ɗakin gwaji. A can za a ƙirga ƙwayoyin fata 100 a ƙarƙashin madubin likita, a ga nawa ne suka nuna, nawa ne tsaka-tsaki, nawa ne ɗanyu. Idan istirojin ya wadata, nunannu suna da yawa. Idan ya yi ƙasa, ɗanyun ke rinjaye. An fi yin wannan a wajen bincike. Idan asibitinku ba sa yi, kada ki damu. Hira mai kyau da idon ƙwararre sun isa a gane matsalar. Awon jini na sinadaran mata ma yawanci ba a buƙatarsa ga wadda ta wuce 45. Abin da ya fi amfani shi ne awon fitsari, awon ruwan gaba idan akwai shi, da awon suga. Ciwon suga yakan ɓuya a bayan ƙaiƙayin da ya ƙi jin magani, kuma mata da yawa ta nan aka gano nasu.

Kin ga dalilin da ya sa nake nacewa a duba? Ba kowane ƙaiƙayi ba ne bushewar manyanta. Akwai wata cutar fata da ke sa wurin ya yi fari, ya yi ƙaiƙayi mai hana barci. Maganinta daban ne, wani man shafawa ne mai ƙarfi da likita ke rubutawa. Idan aka bar ta takan manne fata ta bar tabo, kuma a wasu 'yan kaɗan takan rikiɗe ta zama sankara. Akwai kuma ƙonewar fata daga sabulu, turare, ko audugar mata mai ƙamshi. Idan likita ya ga wurin da bai gamsu da shi ba, zai kashe zafin wurin ya ɗauki ɗan mitsitsin fata a gwada. Kada wannan ya firgita ki. Neman tabbaci ne.

Yanzu ki ba ni kunnenki duka biyu. Jini bayan al'ada ta ɗauke na shekara guda ba abin jira ba ne. Ko ɗigo ne, ko ruwan hoda ne, ko sau ɗaya ne bayan kwanciyar aure. Mu mata da mun ga haka, tunaninmu na farko salla ne. Sai a tambayi malam, ya ce jinin ciwo ne, a yi tsarki a ci gaba da ibada. Malam ya amsa abin da aka tambaye shi, Allah ya saka masa. Amma tunda an ce jinin ciwo ne, ai saura a san wane ciwo. Wannan kuma aikin likita ne. Mafi yawan lokaci fatar nan ce mai rauni ta fashe, ko wani ɗan tsiro marar illa. Amma kusan mace ɗaya cikin goma masu irin wannan jinin, sankarar cikin mahaifa ake samu. Idan aka kama ta da wuri, akasari ana warkewa. Za a yi miki hoton mahaifa a auna kaurin shimfiɗar cikinta. Idan bai wuce milimita 4 ba, hankali yakan kwanta, sai dai in jinin ya sake dawowa. Za a duba bakin mahaifa ma, don sankarar bakin mahaifa ita ce ta biyu wajen yawa a matan Najeriya, bayan ta mama. Idan ba a taɓa yi miki gwajinta ba, ki nema a wannan zuwan.

Sai maganar matsi da kayan mata. Ba zan yi miki faɗa ba, 'yar nan. Duk wadda ta nemi waɗannan, gyaran aurenta take nema, kuma niyya ce mai kyau. Amma ki san aikinsu. Alif da bagaruwa suna tsuke fata ne ta hanyar janye mata ruwa. Wadda ke fama da bushewa, in ta sa su, ta ƙara wa ciwonta ƙarfi. Turaren tsuguno da ruwa mai zafi sosai suna iya ƙona fatar da ta riga ta yi rauni. Kanwa da haɗe-haɗen da ba a san abin da ke ciki ba sun taɓa manne wa mata gaba, sai da aka yi musu aiki. Mafi haɗari shi ne yankan gishiri. Har yanzu a wasu ƙauyuka, idan mace ta ce tana jin zafin kwanciya, sai a kira wanzami ko ungozoma a yanka. Mafitsara tana manne da wurin. Likitocin da ke aikin yoyon fitsari a Arewa sun daɗe suna ganin matan da wannan yankan ya jefa cikin wahala. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

To ga albishir. Wannan damuwa tana cikin waɗanda suka fi jin magani. Hawa-hawa ake bi.

Matakin farko yana hannunki. Ki bar sabulu da turare a wurin. Ki sa kamfai na auduga, marar matsewa. Akwai man damshi da aka yi musamman don cikin gaba, ana sa shi bayan kwana biyu ko uku, ko da kwanciya ko babu. Akwai kuma man santsi na lokacin kwanciya, wanda aka haɗa da ruwa ko da silikon. Su biyun aikinsu daban, kuma ana iya haɗa su. Ki zaɓi marar ƙamshi, marar ɗumi, marar yaji. Basilin bai dace da ciki ba, kuma duk wani maiƙo irinsa yana lalata kwaroron roba.

Idan waɗannan ba su wadatar ba, akwai istirojin ɗan kaɗan da ake sa wa a wurin kai tsaye. Yana zuwa a man shafawa, ko 'yar ƙwayar matsawa, ko wani zobe mai laushi da ke zama a ciki wata uku. Yawanci ana sa man ko ƙwayar kullum na mako biyu, daga nan sau biyu a mako. Wannan shi ke zuwa ga tushen matsalar. Fata ta sake kauri, jini ya dawo, tsami ya dawo, masu amfanin nan su dawo. Har mafitsara tana amfana. A 1993 an wallafa wani bincike da aka yi a kan mata 93 masu fama da ciwon mafitsara a kai a kai. Waɗanda suka yi amfani da man istirojin, ciwon ya ragu har bai kai sau ɗaya a shekara ba. Waɗanda ba su samu ba kuwa, kusan sau shida yake kama su.

Wataƙila kin ji ana cewa istirojin na kawo sankara. Wannan tsoron ya yaɗu ne tun 2002, daga wani babban bincike a Amurka. Amma ƙwayoyin haɗiya aka gwada a can, masu zagaya jiki duka. Wanda ake sa wa a gaba ɗan mitsitsi ne, kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini. Duk da haka, likita ne zai rubuta miki, ba mai kemis ba. Mai zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba, sai an bincika tukuna. Wadda ta taɓa sankarar mama, sai an yi shawara da likitan da ke kula da ita. Idan kuma aka yi miki tallar gyaran gaba da na'urar leza mai tsada, ki dakata. A 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kanta, saboda an samu matan da ta ƙona ta bar musu tabo.

Ki ba magani lokaci. Wasu suna jin sauƙi cikin makonni kaɗan, amma cikakken amfani yakan kai wata uku. Sannu ba ta hana zuwa. Bayan wata ukun ki koma a sake dubawa, ko kin ji sauƙi ko ba ki ji ba. Kuma ki sani, idan aka daina, bushewar takan dawo a hankali, don jiki bai koma yin sinadarin ba. Mata da yawa suna ci gaba da shi shekaru, da sanin likitansu.

Saura maigida. Namiji bai san abin da ke faruwa ba sai an gaya masa. Yana ganin matarsa tana kauce masa, tana kawo uzuri, sai zuciyarsa ta raya masa an daina son sa. Ita kuma tana can tana tsoron dare. Jiki idan ya saba da zafi yakan ɗaure kansa tun kafin a taɓa shi, ɗaurewar kuma ta ƙara zafin. Haka mutum biyu masu ƙaunar juna za su yi nisa, kowa yana zargin abin da babu shi. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance, ki gaya masa cikin ladabi: Alhaji, jikina ne ya canza, likita ta ce abu ne sananne kuma yana da magani, ina neman haƙurinka da taimakonka. Yawancin maza idan sun fahimta suna tausayawa. A riƙa ɗaukar lokaci, a yi wasa mai tsawo, a sa man santsi, a tsaya idan da zafi. Kusantar juna cikin sauƙi tana ƙara gudun jini a wurin, tana taimaka wa fatar. Idan ɗaurewar ta yi yawa, akwai masu gashin ƙashi da suka ƙware a kan jijiyoyin ƙugu, ana samunsu a manyan asibitocin koyarwa.

Wadda mijinta ya rasu, ko wadda ba ta da aure, kada ta ce wannan magana ba tata ba ce. Lafiyar wurin nan don ke ce tun kafin kowa. Don ki zauna ba raɗaɗi, ki yi barci ba tashi-tashi, ki riƙe alwalarki daga Magariba zuwa Isha'i cikin natsuwa.

Idan Allah ya ba ki sauƙi, kada ki riƙe sanin ke kaɗai. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ki ja ƙanwarki gefe ki gaya mata. Ki gaya wa abokiyar zamanki, ita ma hanyar nan za ta biyo. Ki lura da tsofaffin gidanku, musamman wadda ciwon fitsari ke yawan kwantar da ita. Ba za ta taɓa buɗe baki ta faɗa ba. Ke za ki raka ta asibiti, ki yi mata bayani a gaban likita, ki nema mata mace ta duba ta.

Ki sa rana a cikin watan nan, 'yata, ki je a duba ki. Allah ya ba ki lafiya mai amfani, ya sa a dace da likita mai tausayi, ya zaunar da gidanki lafiya, ya sa manyantarki ta zama hutu da ibada. Amin.